Tarihin Rayuwar L. Frank Baum, Mawallafin Labarin Bokan Oz

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta bi sawun rayuwar Lyman Frank Baum, marubucin ƙasar Amurka wanda ya ƙago labarin ƙasar Oz, tare da duba yadda labarin nasa ya tashi daga littafi ya hau dandamali da allon silima. Abin lura a tarihinsa shi ne, shi da kansa ya fara yunƙurin mayar da labarin fim, kuma yunƙurin ya cinye dukiyarsa, amfanin kuwa bai fito ba sai bayan ƙasa ta rufe idonsa.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Baum ranar 15 ga watan Mayu, 1856, a garin Chittenango cikin jihar New York. Mahaifinsa attajiri ne da ya sami dukiya a harkar man fetur. Baum ya tashi da raunin zuciya, saboda haka galibin karatunsa a gida ya yi, in ban da shekara biyu da ya yi a wata makarantar soja, wadda bai ji daɗinta ba. Tun yana yaro mahaifinsa ya saya masa ɗan injin ɗab'i, ya riƙa buga jarida a gida. Da ya girma ya yi kiwon kaji, har ma littafinsa na farko, wanda ya fito a 1886, a kan kiwon kaji ne. Ya kuma shiga wasan kwaikwayo, yana rubutawa yana fitowa. A 1882 ya auri Maud Gage, 'yar wata fitacciyar mai fafutikar 'yancin mata, suka haifi 'ya'ya maza huɗu.

Faɗi-tashinsa

A 1888 ya yi ƙaura zuwa Aberdeen a yankin Dakota, ya buɗe kanti. Yawan ba da bashi ya karya kantin, sai ya koma aikin jarida. A nan ne ya yi abin da ya zama tabo a tarihinsa, domin a ƙarshen 1890 da farkon 1891 ya rubuta sharhi biyu yana kiran a shafe 'yan asalin ƙasar, wato Indiyawan Amurka, daga doron ƙasa. Duk mai nazarin rayuwarsa tilas ya ajiye wannan kusa da tausayin da ke cikin littattafansa na yara. Jaridar ma ba ta ɗore ba, don haka a 1891 ya koma Shikago, inda ya yi tallan tangaran gari-gari.

Littafin da ya Fito da Shi

A 1900 aka buga The Wonderful Wizard of Oz, da zane-zanen W. W. Denslow. Labarin wata yarinya ce, Dorothy, wadda guguwa ta sure ta da gidansu da karenta Toto daga Kansas zuwa ƙasar Oz. A kan hanyarta ta zuwa Birnin Zumurrudu wurin boka, ta haɗu da mutum-mutumi mai neman ƙwaƙwalwa, da mai saran itace da jikin gwangwani mai neman zuciya, da zaki matsoraci mai neman jarunta. Daga baya ta bayyana cewa bokan ɗan damfara ne, kuma abin da kowannensu yake nema yana tare da shi tun farko. Littafin ya sami karɓuwa ƙwarai.

Dandamali da Silima

A 1902 aka mayar da labarin wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe a Shikago, shekara ta gaba aka kai shi New York. Tun a nan aka fara yi wa labarin kwaskwarima, har aka cire kare aka sa saniya. Wasan ya kawo kuɗi, kuɗin kuwa ya ƙara wa Baum kwaɗayin dandamali. A 1908 ya shirya wani nuni wanda ya haɗa fim da majigi da 'yan wasa, shi kuma yana tsaye yana bayani. Kuɗin ɗawainiya ya fi abin da ake samu a ƙofa, aka tsayar da nunin, bashi ya yi masa katutu, har a 1911 kotu ta tabbatar da karayarsa. A 1910 ya so ya rufe labaran Oz da littafi na shida, amma rashin kuɗi ya sa ya dawo musu a 1913.

Duk da haka bai daddara ba. A 1914, yana zaune a Holiwud, ya kafa kamfanin fim tare da abokansa, suka yi finafinan Oz guda uku marasa magana. Masu rarraba finafinai suka ɗauke su kayan yara ne, ba su yi kasuwa ba, kamfanin ya durƙushe cikin ɗan lokaci.

Rasuwarsa

Baum ya rasu ranar 6 ga Mayu, 1919, saura kwana tara ya cika shekara 63. Ya bar littattafan Oz 14, na ƙarshensu ya fito a 1920. Masu ɗab'i suka ɗora wa Ruth Plumly Thompson ci gaba da jerin.

Labarin Bayan Mai Shi

Shekara 20 bayan rasuwarsa, a 1939, kamfanin MGM ya fito da fim ɗin da Judy Garland ta fito a matsayin Dorothy. An yi sauye-sauye biyu masu muhimmanci. Takalman azurfa na cikin littafi sun koma na jan yaƙutu domin su fito da kyau a fim mai launi, sa'an nan tafiyar da Baum ya nuna ta auku da gaske aka mayar da ita mafarki. Daga 1956 aka fara nuna fim ɗin a talabijin, har ya zamana da yawan mutane ta nan suka san Oz ba su taɓa buɗe littafin ba. A 1939 ɗin dai Alexander Volkov ya sake rubuta labarin da Rashanci.

A 1975 baƙar fatar Amurka suka yi nasu wasan mai suna The Wiz, aka mayar da shi fim a 1978 tare da Diana Ross da Michael Jackson, aka ɗauke labarin daga karkarar Kansas zuwa birnin New York. A 1985 kamfanin Disney ya yi Return to Oz daga littafi na biyu da na uku. A 1995 Gregory Maguire ya rubuta Wicked, inda ya ba da labarin ta ɓangaren muguwar mayya, ya raɗa mata suna Elphaba daga harufan farko na sunan Baum. Littafin ya zama wasan dandamali a 2003, ya zama fim a 2024.

Kammalawa

Tarihin Baum yana nuna wa ɗalibin adabi cewa labari idan ya sauya mazauni, sai ya bi ƙa'idar sabon wurin da bukatar masu kallonsa. Launin fim ya sauya takalmi, zamani ya sauya gari da fatar 'yan wasa, wani marubuci kuma ya ba mayya bakin kare kanta. Saboda haka mai nazarin kowane ɗayan waɗannan finafinai, ya kyautu ya fara da littafin 1900, domin ya gane abin da aka riƙe da abin da aka zubar, da dalilin yin haka.