John Dunlop: Likitan dabbobin da ya ɗora wa iska kaya

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Sauri a birnin Katsina da safe zai ga masu faci a bakin titi, kowa da injin ba da iska da bahon ruwan da ake neman huji a cikinsa. Mai babur ya tsaya a ƙara masa iska, mai Keke Napep ya kawo taya a duba, ga kuma motar haya da aka labta wa buhuna har bayanta ya kusa taɓa ƙasa.

Wannan sana'a da dubban mutane ke ci da iyalansu da ita ta samo tushe ne daga farfajiyar gidan wani likitan dabbobi a birnin Belfast, fiye da shekara 130 da suka wuce. Sunansa John Boyd Dunlop. Bai karanci injiniyanci ba, kuma bai yi arziki da abin da ya ƙirƙiro ba, amma har yau sunansa yana jikin tayoyi a duk faɗin duniya.

Ɗan manomi, likitan dawaki

An haifi Dunlop ranar 5 ga Fabrairun 1840 a ƙauyen Dreghorn da ke yankin Scotland na Birtaniya, a gidan manoma. Tun yana yaro ya tashi cikin dabbobi, don haka ya tafi birnin Edinburgh ya karanci likitancin dabbobi.

A 1867 ya haye teku zuwa tsibirin Ireland. Ya fara zama a garin Downpatrick, daga baya ya kafa asibitinsa a Belfast. A wancan zamani doki ne motar kowa, shi ke jan keken fasinja, shi ke jan keken kaya, saboda haka likitan dawaki ba ya rasa aiki. Asibitin Dunlop ya bunƙasa har ya shiga sahun mafiya girma a tsibirin.

Ya auri Margaret Stevenson a 1871, suka haifi ɗa namiji da 'ya mace. Aikinsa ya sa kullum yana kan hanya a keken doki, yana shan jijjiga a kan titunan da aka shimfiɗa da duwatsu. Haka kuma aikin ya sa hannunsa ya saba da roba, wadda yake amfani da ita a kayan aikin likitanci.

Keken yaro da faifan katako

A 1887 ɗansa Johnnie yana da keke mai ƙafa uku. Tayoyin keke a lokacin curarriyar roba ce marar iska, ta yadda duk dutsen da aka taka sai mahayi ya ji shi a ƙashin bayansa. Uban ya ga wahalar da yaron ke sha, sai ya shiga neman mafita.

Ya samu faifan katako, ya naɗe fallen roba ya yi tib, ya hura shi da famfon ƙwallon ƙafa. Sannan ya lulluɓe tib ɗin da ƙyallen lilin, ya kafe ƙyallen a jikin katakon da ƙananan ƙusoshi.

Daga nan ya fita farfajiyar gida ya yi gwaji. Ya fara gara ƙafar keken yaron mai curarriyar roba, ta ɗan yi tafiya ta faɗi. Da ya gara faifan mai iska, sai ya ratsa farfajiyar baki ɗaya, ya bugi ƙofa ya yi tsalle ya dawo.

A farkon 1888 ya sa irin waɗannan tayoyi a ƙafafun baya na keken ɗansa, kuma suka yi aiki. A watan Disamba na shekarar hukuma ta ba shi takardar mallakar ƙirƙira.

Abin da gwajin ya tabbatar shi ne iskar da aka matse ita ce ke ɗaukar nauyi. Aikin roba da zare shi ne su riƙe iskar. Duk tayar da ke kan titi a yau, daga ta keke zuwa ta tirela, a kan wannan ƙa'ida take tafiya.

Ranar da dariya ta koma ciki

Da farko mutane dariya suka riƙa yi wa tayoyin, saboda sun yi kauri kuma ba su da kyan gani. Wani matuƙin keke mai suna Willie Hume, shugaban wata ƙungiyar masu tseren keke a Belfast, shi ne ya yi ƙundunbala ya hau su.

A watan Mayun 1889, a gasar wasannin Kwalejin Queen's da ke Belfast, Hume ya shiga tsere huɗu ya lashe dukkansu. Cikin waɗanda ya kayar har da 'ya'yan wani ɗan kasuwa na Dublin, Harvey du Cros, wanda shi ne shugaban ƙungiyar masu keke ta Ireland.

Du Cros ya hango kuɗi a inda wasu suka ga abin dariya. Kafin shekarar ta ƙare ya kafa kamfani a Dublin tare da Dunlop, wanda ya miƙa haƙƙin ƙirƙirarsa a kan 'yan kuɗi kaɗan da ɗan hannun jari.

Ashe wani ya riga shi

Murna ba ta daɗe ba. A 1890 aka sanar da Dunlop cewa takardarsa ba ta da inganci, domin wani ɗan Scotland ɗan'uwansa, Robert William Thomson, ya riga ya yi rajistar tayar iska tun 1845.

Thomson ya gwada tasa a kan kekunan doki a Landan, amma roba tana da tsada a lokacin, babu kuma motoci ko kekunan hawa da za su buƙace ta. Ya rasu a 1873, duniya ta manta da aikinsa. Dunlop ya sake gano abin da kansa, a daidai lokacin da kasuwar keke ke bunƙasa.

Ban da wannan, tayar Dunlop tana da nata aibi. Manne ta ake yi da gam a jikin gargare, a naɗe da ƙyalle. Idan ta yi faci, sai an ɓamɓare komai kafin a kai ga tib, aikin da kan cinye sa'o'i.

Wanda ya warware matsalar wani Bature ne, Charles Kingston Welch. A 1890 ya sa waya a gefunan taya biyu, ya kuma yi gargare mai kwari a tsakiya, ta yadda za a iya cire taya a mayar. Kamfanin du Cros ya sayi wannan fasaha, da ita ya tsira. A Faransa ma, 'yan'uwan nan biyu André da Édouard Michelin sun fito da tasu tayar da ake cirewa a 1891, kuma a 1895 suka sa tayar iska a mota suka shiga tseren Paris zuwa Bordeaux.

Tun daga lokacin taya da wili suka zama kamar tukunya da murfi, kowace taya da girman wilin da aka yi ta dominsa.

Kura da shan bugu

Dunlop ya bar aikin likitanci ya koma Dublin da zama, amma tafiyarsa da kamfanin ba ta yi nisa ba. Kafin ƙarshen 1896 ya janye hannunsa. A wannan shekarar aka sayar da kamfanin a kan fam miliyan 3, mai sayen kuma ya juya ya sayar da hannayen jarinsa ga jama'a a kan fam miliyan 5. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kamfanin ya ci gaba da amfani da sunansa, ya shiga yin tayoyin mota, ya gina katafariyar masana'anta a Birmingham. Har fuskarsa da doguwar gemunsa aka mayar alamar talla, ana zana shi a matsayin tsoho ɗan ƙwalisa mai doguwar hula da sanda. Abin ya ɓata masa rai, har a 1920 ya kai kamfanin da ke ɗauke da sunansa ƙara kotu.

Ya rasu a Dublin ranar 23 ga Oktoban 1921 yana da shekara 81. A shekarar ce Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi tafiyarsa ta aikin Hajji wadda ya biya ta Ingila. Bayan shekaru masu yawa, wani banki a Ireland ta Arewa ya sa hoton Dunlop a takardar kuɗi ta fam 10.

Sunan ya iso Najeriya

Jim kaɗan bayan samun 'yancin kai, kamfanin Dunlop ya kafa masana'anta a Ikeja da ke Legas, Michelin kuma ya kafa tasa a Fatakwal. Shekaru da dama su ne ke yi wa motocin ƙasar nan tayoyi da robar da ake nomawa a kudu.

Tsadar wutar lantarki da kwararowar tayoyin waje masu araha sun durƙusar da su. Michelin ya rufe a 2007, Dunlop ya daina yin taya a 2008. Daga nan kasuwa ta dogara da na waje, ciki har da 'yan gwanjo, duk da cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta hana shigowa da su.

Abin da lambobin jikin taya ke faɗa

Tunda iska ke ɗaukar kaya, kowace taya tana da iyakar nauyin da za ta iya ɗauka, kuma a rubuce yake a gefenta.

A ɗauki misalin taya mai rubutun 195/65 R15 91H, wadda ƙananan motoci da yawa ke amfani da ita. Lamba 195 faɗinta ne a milimita, 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na faɗin ne, 15 kuma girman wili ne a inci. Lamba 91 ita ce ta nauyi, ma'ana kilo 615 ga taya ɗaya. Harafin H na nuna iyakar gudunta kilomita 210 a sa'a.

A nan ne masu sauya wili don ƙawa ke faɗawa tarko. Idan aka cire wili mai inci 15 aka sa na alminiyam mai inci 17, dole gefen taya ya gajarce domin ta shiga mazauninta. Gajeren gefe kuwa iska kaɗan yake ɗauka.

Tayar 215/45 R17 ta yau da kullum lambar nauyinta 87 ce, wato kilo 545. An rasa kilo 70 a kowace ƙafa, kilo 280 ke nan a ƙafa huɗu, kusan buhun masara uku. Motar ta yi kyau a ido, amma ƙarfin ɗaukar kayanta ya ragu ba tare da mai ita ya sani ba.

Mafita ita ce a nemi wannan girman mai alamar XL, wadda aka ƙara wa ƙarfi, lambarta 91. Sai dai ita ma ba ta kai wa ga wannan nauyi sai an ba ta iska fiye da ta yau da kullum. Ƙa'idar ita ce kada lambar nauyin sabuwar taya ta gaza wadda kamfanin mota ya rubuta a 'yar takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. Shi kansa wilin yana da iyakar nauyinsa, ya kamata a duba kafin a biya kuɗi.

Sai shekarun taya. A ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT akwai lambobi huɗu. Idan an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta sha gargaɗin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka yi ta, kuma tuƙi da tayar da ta suɗe ko ta ƙare laifi ne da ake cin tara a kansa.

Tayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta, ko aka bar ta da ƙarancin iska, gefenta lanƙwashewa yake yi a duk juyi, lanƙwasar kuma zafi take haifarwa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40 kwalta na tururi, irin wannan taya ce ke fashewa ana tsakiyar gudu, da fasinjoji a ciki.

Dunlop ya fara aikinsa ne domin ya sauƙaƙa wa ɗansa tafiya a keke. Mai motar da ya tsaya gaban mai faci a Ƙofar Sauri, ya duƙa ya karanta lambar nauyi da shekarar tayarsa, ya kuma sa aka auna masa iska kafin ya ɗauki iyali ko fasinja, shi ne ya ci moriyar abin da likitan dabbobin ya bari.