Luwi Lumiyer da Hoto Mai Launi

An haifi Luwi Lumiyer ran 5 ga watan Oktoba na shekarar 1864 a garin Bezanson, cikin ƙasar Faransa. Da faransanci ana rubuta sunansa Louis Lumière, kalmar lumière kuwa ma'anarta haske. Ubansa Antuwan mai ɗaukar hoto ne. Luwi yana da wa, sunansa Ogust, wanda ya girme shi da shekara biyu. A 1870 yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamusawa, sai Antuwan ya kwashe iyalinsa suka koma birnin Liyon. Can yaran suka shiga makarantar koyon sana'a da ake kira La Martinière.

A wancan zamani ba a kan takarda ake fara ɗaukar hoto ba, a kan fallen gilashi ne. Ana shafa wa gilashin wani magani mai gishirin azurfa. Duk inda haske ya taɓa maganin, in an wanke sai wurin ya yi baƙi. Antuwan ya shiga sana'ar yin irin wannan gilashi, amma ciniki ya ƙi, har ya kusa karyewa. Luwi yana da shekara 17 ya gyara haɗin maganin, ya sami gilashi mai saurin kama haske, wanda ake iya ajiyewa a bushe. Aka riƙa sayar da shi cikin kwali mai shuɗiyar takarda. Masu hoto suka yi ta rububinsa. Kafin 1894 masana'antarsu ta unguwar Monplaisir tana fitar da gilashi wajen miliyan 15 a shekara. Ɗan ƙaramin yaro ya fid da gidansu daga kunya.

A 1895 Luwi da Ogust suka ƙera na'urar da take ɗaukar hoto mai motsi, ta kuma haska shi a bango. Ran 28 ga Disamba na wannan shekara suka nuna wa mutane a birnin Paris, kowa ya biya kuɗin shiga. Mutum 33 kaɗai suka zo a ranar farko. Ba a daɗe ba layi ya kai har titi. Wannan shi ne mafarin siliman da muka sani.

Amma akwai abin da ya fi damun Luwi. Kusan duk hotunan lokacin fari da baƙi ne. Jar hula da shuɗiyar riga duk su fito toka-toka. Masana sun riga sun gane cewa in aka gauraya haske iri uku, ja da tsanwa da shuɗi, ana iya samun kowane launi. Abin da ya gagara shi ne a haɗa ukun a kan gilashi guda, a ɗauki hoto sau ɗaya tak.

Luwi ya yi shekaru yana gwaji, daga ƙarshe ya sami biyan bukata a wurin da ba wanda ya zata: cikin dankalin turawa. Ya fid da sitacin dankalin, ya tace shi da ruwa, ya rairaye, kamar yadda matan Yekuwa suke tace gasara in za su dama koko. Ƙwayoyin sitacin ƙanana ne ƙwarai, sai an jera kamar 80 kafin su kai tsawon milimita ɗaya. Ya raba su kashi uku, ya rina su. Kashi ɗaya ja mai ruwan goro, kashi ɗaya tsanwa, kashi ɗaya shuɗi mai duhu. Da suka bushe ya gauraya su, ya barbaɗa a kan gilashi mai danƙo, ƙwaya ɗaya kusa da ɗaya, ba wadda ta hau wata. Ya cike ƴan ramukan da suka rage da baƙin gawayi mai laushi, ya danne da injin, sa'an nan ya shafa maganin azurfa a bisa.

Kowace ƙwaya ta zama kamar ƴar taga mai launi. Jan haske yana wucewa ta jar ƙwaya kaɗai, tsanwa ta tsanwa, shuɗi ta shuɗiya. Da yake ƙwayoyin sun yi wa ido ƙanƙanta, sai ido ya haɗa su da kansa. Haka saƙi yake: kusa da shi ana ganin zare fari da zare baƙi, daga nesa kuwa sai a ga launi guda.

An yi wa wannan dabara rajista ran 17 ga Disamba 1903, aka sa mata suna Autochrome. A 1907 aka fara sayarwa.

Mai ɗaukar hoto yana iya wanke gilashinsa da kansa a gida, in yana da ɗaki mai duhu, da ƴan tasoshi, da ruwa mai sanyi, da magungunan da ake saye. Da fari, cikin duhu, sai ya tsoma gilashin cikin magani na ɗaya. Duk inda haske ya taɓa ya yi baƙi, wato hoton ya fito a juye. Daga nan ya sa shi cikin ruwan farmanganat, irin wanda ake wanke gyambo da shi a asibiti, an ɗiga masa asid irin na batirin mota. Wannan ruwa yana cinye baƙin nan, wurin ya koma garau. Sa'an nan ya fito da gilashin cikin haske, ya sake tsoma shi a magani, sauran wuraren da haske bai taɓa ba da fari su yi baƙi. Ya ɗauraye, ya shanya. In ya ɗaga gilashin ya duba ta wajen rana, ko ya sa shi a majigi, sai ga ja a wurin ja, ga shuɗi a wurin shuɗi. Aikin yana son haƙuri. In ruwa ya yi ɗumi, maganin ya saɓule daga gilashin, hoton kuwa ba shi da na biyu.

Wani attajirin Faransa mai suna Alber Kan ya aika masu hoto ƙasashe kamar 50, tsakanin 1909 da 1931, suka tara masa Autochrome wajen 72,000. A 1930 ɗaya daga cikinsu, Firederik Gadmer, ya zo Dahome, ƙasar da ake kira Benin yanzu, maƙwabciyar Nijar. Hotunan da ya ɗauka suna nan a ajiye, ana ganin launin tufafin mutanen wancan zamani.

Gilashi yana da nauyi, yana fashewa, kuma dole wanda ake ɗauka ya tsaya cik. Saboda haka da kamfanin Kodak na Amurka ya fito da fim ɗin Kodachrome a 1935, sai kasuwar Autochrome ta ja baya. Amma a lokacin, Kodachrome sai a masana'anta ake wanke shi. A 1946 aka sami Ektachrome, wanda mai hoto yake iya wankewa da hannunsa. Tun 1976 ana wanke irinsa ta hanyar da ake kira E-6. Ana sayar da magungunan a haɗe cikin kwali, ana sa fim cikin ƴar tukunya mai murfi wadda haske ba ya shiga, zafin ruwa kuma ya tsaya a digiri 38. Launin yana fitowa daga rini ne cikin fim ɗin, ba daga sitaci ba. Amma har yanzu sai an fara fid da hoto a juye, sa'an nan a mayar da shi daidai. Magungunan nan guba ne, ba abin wasan yara ba.

A 1919 aka zaɓi Luwi cikin majalisar manyan masanan kimiyya ta Faransa. Amma a lokacin yaƙin duniya na biyu, shi da wansa sun goyi bayan gwamnatin Marshal Petan, wadda ta haɗa kai da Jamusawan da suka mamaye ƙasarsu. Mutane ba su manta ba. A 1995 an shirya sa hotonsu a kan takardar kuɗi ta faran 200, jama'a suka yi ƙorafi, aka fasa.

Luwi Lumiyer ya rasu ran 6 ga Yuni 1948 a garin Bandol, bakin teku, yana da shekara 83. Gidan ubansa na Liyon ya zama gidan tarihi, inda ake nuna na'urorinsa da hotunansa masu launi.

Tambayoyi
1. Mene ne ma'anar sunan Lumiyer?
2. Da waɗanne launuka uku aka rina sitacin dankali?
3. Mene ne aikin ruwan farmanganat wajen wanke hoto?
4. Don me aka fasa sa hoton Luwi a takardar kuɗi?

Aiki
Ku samo ƙyallen saƙi. Ku dube shi kusa, ku kuma dube shi daga ƙarshen aji. Ku rubuta abin da kuka gani.