Waliyyi Faransis na Sales: Mai Zafin Rai da Ya Mallaki Zuciyarsa

Ranar 24 ga Janairu ce Ikkilisiya take tunawa da Waliyyi Faransis na Sales. Mun saba jin ana yabonsa saboda sanyin hali, har wasu suna zaton haka aka haife shi. Ba haka ba ne. Masu rubuta tarihinsa sun nuna mutum ne mai saurin fushi, wanda ya yi shekaru yana kokawa da zuciyarsa kafin ta yi masa biyayya.

An haife shi a shekara ta 1567 a ƙasar Saboyi, maƙwabciyar Faransa, a zamanin da Katolika da Furotesta suke zub da jinin juna. Ya karanta shari'a a Fadua ta ƙasar Italiya, amma ya ƙi muƙamin da mahaifinsa ya nemar masa, aka naɗa shi firist a 1593.

A watan Satumba na 1594 aka aike shi lardin Shable, a bakin tafkin Jeniba, tare da ɗan'uwansa Luwi. Mutanen wurin sun yi kusan shekara 60 suna bin koyarwar Kalbin, yaƙi kuma ya bar ƙiyayya a zukatansu. A Tonon, babban garin lardin, manya suka hana jama'a zuwa jin wa'azinsa. Aka zage shi, aka ce matsafi ne, har aka yi masa kwanton ɓauna a hanya. Dole ya riƙa kwana a kagarar sojoji da ke kan tudu, da safe ya sauko gari da ƙafa cikin tsananin sanyi.

A nan ne muke ganin girman mutumin. Da ya rama zagi da zagi, da ba wanda zai ga laifinsa, gama su suka fara. Amma bai ɗora wa masu tsokanarsa alhakin abin da ke tafasa a ƙirjinsa ba. Ya ɗauke shi nasa ne, shi kuma zai ba da lissafinsa a gaban Allah. Da aka toshe masa kunnuwa, sai ya koma ga alƙalami: ya riƙa rubuta gajerun takardu a kan bangaskiya, ana zura su ta ƙarƙashin ƙofofin gidaje. A 1597 ma ya shiga Jeniba da kansa, ya zauna da Beza, magajin Kalbin, suka yi muhawara cikin mutunci.

Ba za mu ɓoye ba, a 1598 sarkin Saboyi ya kori waɗanda suka ƙi komowa Katolika, Faransis kuwa ya goyi bayan hukuma a kan wasu matakanta. Ɗan zamaninsa ne. Ikkilisiya ta yau ba ta yarda da tilas a sha'anin addini ba.

Aka naɗa shi Bishop na Jeniba a 1602, amma bai taɓa zama a kujerarsa ba, domin birnin yana hannun Furotesta. A garin Anesi ya zauna. Daga can ya fitar da littafinsa na koyar da ibada ga mutanen gida da na kasuwa a 1609, inda ya zuba abin da ya koya da gumi. Ya shawarci mai karatu kada ya buɗe wa fushi ƙofa ko da yana da gaskiya, domin in ya shiga, fitarsa da wuya, in ya kwana kuwa sai ya zama ƙiyayya. Wanda harshensa ya suɓuce, ya gaggauta yi wa wanda ya ɓata wa rai alheri tun abin yana ɗanye. Abin da ya fi taɓa mu shi ne gargaɗinsa kada mutum ya yi fushi da kansa don ya yi fushi, gama wannan ƙara wa wuta itace ne. Ya tsawata wa zuciyarsa a hankali, kamar uba da ɗansa, ya tashi ya ci gaba.

Ya rasu a Liyon ranar 28 ga Disamba, 1622, yana da shekara 55. An sa shi cikin waliyyai a 1665, a 1923 kuma Paparoma Fiyus na 11 ya mai da shi majiɓincin marubuta da 'yan jarida na Katolika.