Mary Reibey: Daga satar doki zuwa takardar kuɗi

Tun da na fara ganin hoton tsohuwar da ke kan takardar dala 20 ta Ostareliya nake mamakin labarinta. Sunanta Mary Reibey, kuma a matsayin fursuna ta fara taka ƙasar.

An haife ta a garin Bury na Ingila a 1777, ana kiranta Molly Haydock. Ta tashi marainiya a hannun kakarta. A 1791 aka kama ta da laifin satar doki, tana sanye da kayan maza, tana amsa sunan James Burrow. Kotu ta yanke mata shekara bakwai a can ƙarshen duniya, inda Birtaniya ke jibge masu laifinta. Ta sauka Sidni a 1792, tana da shekara 15, ɗaya daga cikin mata kusan 25,000 da aka kwasa haka. Galibinsu rarraba su aka yi gidaje suna aikatau, wadda ta yi gardama a aske mata kai.

Ita kuwa a 1794 ta auri Thomas Reibey, wanda ya zama ɗan kasuwa. Da ya rasu a 1811, ya bar mata 'ya'ya bakwai da dukiyar da ke neman mai riƙo. Ta riƙe, ta kuma haɓaka ta da jiragen ruwa da gonaki da gidajen haya. A gininta bankin farko na ƙasar ya buɗe ƙofa a 1817.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙidayar 1828. Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma a ranar attajirar nan ta ɓoye nata: ta sa aka rubuta cewa da 'yancinta ta shigo ƙasar, a 1821, shekarar da ta dawo daga ziyarar Ingila. Wa'adinta ya ƙare kusan shekara 30 kafin nan, duk da haka tana tsoron gori.

Ta rasu a 1855. A 1994 aka ɗora hotonta kan kuɗin ƙasar da ta ji kunyar faɗa wa gaskiyar zuwanta. A ganina, kotu shekara bakwai ta yanke mata, bakin mutane ne ya yanke mata sauran. Mu tambayi kanmu yadda muke karɓar wanda ya gama zaman kasonsa ya dawo gida.