Grandville, Mai Zanen da Ya Sa wa Dabbobi Riga

Ya kai mai karatu, ka san yadda tatsuniyoyin Hausa suke sa Gizo da Kura da Zaki su yi magana, alhali kuwa halin mutane ake nufi. A ƙasar Faransa an taɓa yin wani mutum da ya yi irin wannan aiki, amma da alƙalamin zane. Sunansa Jean Gérard, duniya kuwa ta san shi da laƙabin Grandville.

An haife shi a garin Nancy a shekarar 1803. Mahaifinsa mai zana ƙananan hotunan mutane ne, kuma a wurinsa ya fara koyon sana'ar. Da ya zama saurayi sai ya tafi Paris, babban birnin ƙasar. A 1829 ya fitar da hotuna fiye da 70 na mutane masu kan dabbobi. Sai ka ga mutum sanye da kwat da takalmi, amma kansa na kare ne ko na tsuntsu. Jama'a suka yi ta dariya, domin kowa ya gane halin maƙwabcinsa a ciki.

A 1830 Louis-Philippe ya hau gadon sarautar Faransa. Grandville ya shiga zana hotunan zambo a jaridun La Caricature da Le Charivari, yana sukar sarki da ministocinsa. A 1835 gwamnati ta kafa doka cewa ba za a buga wani zane ba sai hukuma ta gani ta yarda. A wannan shekara La Caricature ta daina fitowa.

To, ka duba abin da ya yi da aka toshe masa wannan hanya. Sai ya juya ga littattafai. A 1838 ya ƙawata tatsuniyoyin La Fontaine da labarin tafiye-tafiyen Gulliver da hotuna, a 1840 kuma labarin Robinson Crusoe. Shi yakan yi zanen, masu sassaƙa su fitar da shi a kan katako, sannan a buga shi tare da rubutun. A 1842 aka kammala wani littafi kan zaman duniyar dabbobi, inda ya nuna su suna taro da shari'a kamar mutane. Ta haka ya ci gaba da tona girman kai da haɗama da zalunci, ba tare da ya zana fuskar wani mai mulki ba.

Ƙarshen rayuwarsa cike yake da baƙin ciki. Matarsa ta farko ta rasu a 1842, 'ya'yansa uku kuma suka rasu tun suna yara. Shi ma ya rasu a 1847 a wani asibiti kusa da Paris, yana ɗan shekara 43.

Saboda haka in ka buɗe littafi mai hotuna, kada ka tsaya ga sunan marubuci kaɗai. Ka nemi sunan mai zanen, ka kuma lura da abin da hotunansa suka ƙara wa labarin.