Abdul Gaffar Khan, Malamin Da Ya Koya Wa Jarumai Haƙuri

A arewa maso yammacin tsohuwar ƙasar Indiya, a bakin iyakar Afganistan, akwai wata kabila ta Musulmi da a ke kira Patan. Mutane ne jarumai masu karamci, amma suna da wata al'ada mai cin rayuka: in aka kashe wa mutum ɗan'uwa, wajibi ne ya rama, in kuwa ya mutu bai rama ba, ɗansa ya gaji gabar. Cikinsu aka haifi Abdul Gaffar Khan a shekarar 1890, a garin Utmanzai kusa da birnin Peshawar. Ubansa, Bahram Khan, mai gonaki ne da yawa.

Ya yi karatu a makarantar mishan ta Peshawar. Da ya tasa aka ba shi matsayin hafsa a rundunar Turawan Ingila, har ya yi niyyar karɓa, sai ya ga wani Bature ya wulakanta wani hafsa ɗan kabilarsu, nan take ya fasa. A 1910, yana da shekara 20, ya buɗe makaranta a garinsu, domin ya lura jahilci da gaba su ne su ka fi bindigar Bature karya mutanensa. Ya bi ƙauyuka yana kafa makarantu yana sasanta masu husuma. Gwamnati ba ta ji daɗin wannan ba, a 1921 ta ɗaure shi shekara 3. Bayan ya fito ya yi aikin hajji a 1926.

A 1929 ya kafa ƙungiyar da ta sa sunansa ya shahara, Khudai Khidmatgar, watau masu yi wa Allah hidima. Tsarinta irin na soja ne: akwai hafsoshi, akwai fareti da ganga da tuta, akwai jar riga da kowa ya ke sawa, amma babu makami. Kafin a karɓi mutum sai ya yi rantsuwa zai yi wa jama'a hidima saboda Allah, ba zai ta da hannu ya bugi kowa ba, ba zai yi ramuwa ba, zai yafe wa wanda ya zalunce shi. A sansaninsu su kan share ƙauyuka, su kaɗa zare, su niƙa alkama, su koyi karatu. Ɗan mai dukiya da talaka tsintsiya ɗaya su ke riƙewa, kuma da gangan aka shirya haka, don wanda ya saba danne girman kai a wajen shara zai iya danne fushi ranar da aka mare shi. Abdul Gaffar ya yi abota da Gandhi, amma hujjarsa daga Musulunci ya ɗauko ta, watau haƙurin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da sahabbansa a kan azabar mutanen Makka. 'Yan ƙungiyar sun kai wajen 100,000.

Ranar gwaji ta zo ran 23 ga Afrilu, 1930. Aka kama shi, jama'a su ka taru a kasuwar Kissa Khwani cikin Peshawar, sojoji su ka buɗe musu wuta. Mutane da yawa su ka mutu, amma taron ya tsaya hannu banza. Har waɗansu sojojin Garhwal, waɗanda ba Musulmi ba ne, su ka ƙi bin umurnin harbi, aka ɗaure su saboda haka.

Bai goyi bayan raba ƙasar da aka yi a 1947 ba. Don haka sabuwar Gwamnatin Pakistan ta ɗauke shi abokin gaba, ta haramta ƙungiyarsa a 1948, ta tsare shi har 1954, daga baya ma ta yi ta kama shi. In an haɗa, ya yi fiye da shekara 25 a kurkuku, amma bai taɓa umurtar almajiransa su ɗauki makami ba. Ya rasu a Peshawar ran 20 ga Janairu, 1988, aka binne shi a Jalalabad ta Afganistan. Ana yaƙi a ƙasar a lokacin, amma aka yi shelar tsagaita wuta don jana'izarsa.

Mu da mu ke riƙe da alli ko alƙalamin ofis, akwai abin lura a nan. Mu kan ce yaro kaza haihuwarsa aka yi da zafin rai, mu sallama shi ga bulala. Ga shi kuwa mutumin nan ya samu manya waɗanda su ka gaji gaba tun kakanni, ya koya musu haƙuri yadda mu ke koyar da lissafi, yau kaɗan gobe kaɗan, shi kansa yana gaba da tsintsiyarsa. Allah ya ji ƙansa, ya ba mu ikon yin koyi da kyawawan halayensa, amin.