Shehu Laminu, malamin da ya tsare Borno da alƙalami da mashi

A Maiduguri, tun daga unguwannin Dala har ƙofar fadar Shehu, sunan El-Kanemi ya zama ruwan dare, har ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta jihar ma da shi ake kiranta. Mai sunan na asali, Muhammad al-Amin al-Kanemi, wanda mutanen Borno ke kira Shehu Laminu, bai taɓa ganin birnin ba, domin ya rasu shekara 70 kafin a kafa shi. Abin da ya bari shi ne ƙasar kanta, wadda ya tarar tana gab da wargajewa, maƙwabta uku masu ƙarfi na kewaye da ita: Sakkwato a yamma, Bagirmi a kudu maso gabas, Tarabulus kuma a hayin hamada.

An haife shi wajen shekarar 1776 a Fezzan, cikin ƙasar Libiya ta yau. Mahaifinsa malami ne daga Kanem, mahaifiyarsa Balarabiya. Ya yi aikin hajji, ya yi karatu a ƙasashen gabas, sannan ya zauna a Ngala yana koyarwa. Da ba don tashin hankalin 1808 ba, da wataƙila a nan zai ƙare rayuwarsa cikin almajirai. A shekarar ne mayaƙan jihadi ƙarƙashin Gwani Mukhtar suka ci Birnin Ngazargamu, Mai Ahmad ya gudu ya bar wa ɗansa Dunama sarauta. Dunama ya nemi taimakon malamin Ngala, wanda ya zo da mutanensa na Kanembu da Larabawan Shuwa, aka ƙwato birnin.

Al-Kanemi ya gane cewa ƙarfin jihadin a hujjarsa yake, don haka hujjar ya tunkara. Ya rubuta wa Shehu Usmanu da Muhammadu Bello wasiƙu yana tambayar dalilin yaƙar ƙasar da ta daɗe da musulunta. Bai musanta cewa akwai saɓo da miyagun al'adu a Borno ba, kuma wannan amincewar ce ta ba maganarsa nauyi. Matsayinsa shi ne zunubi ba ya fitar da mutum daga addini, kuma irin waɗannan laifuffuka ana samunsu har a Masar da Sham ba tare da kowa ya halatta jinin mutanensu ba. Bello ya mayar da martani cewa sarakunan Borno sun taimaki sarakunan Hausa a kan musulmi, ya kuma adana musayar a littafinsa Infaƙul Maisuri. Babu wanda ya sallama wa ɗan'uwansa. Amma daga nan yaƙar Borno ta zama abin da sai an kare shi a gaban malamai, riba ce kuwa da mashi ba ya kawowa.

A cikin gida ma bai yi gaggawa ba. Ya gina Kukawa a 1814, iko ya tattaru a hannunsa, amma ya bar Mai a kan gadonsa da tamburansa, shi kuma ya tsaya ga sunan Shehu. Ko da Dunama ya haɗa baki da Bagirmi don a kawar da shi, ya kuma mutu a yaƙin da ya biyo baya, Shehun bai hau gadon ba, sai ya naɗa Ibrahim, ƙanen marigayin.

Sha'aninsa da Tarabulus ya fi kowanne haɗari. Yana buƙatar 'yan bindigar Fezzan don karya Bagirmi, ya kuma same su, alhali ya san Yusuf Karamanli, mai mulkin Tarabulus, na da kwaɗayin Borno ɗin kanta. Dabararsa ita ce ya yi amfani da su a fagen yaƙi, ya sallame su da ganima, kada su kafa sansani. Ganimar nan, ya kamata a faɗa, yawancinta bayi ne da aka kora cikin hamada, kuma su ne suka biya farashin wannan ƙawance da rayukansu.

Haka ya yi da Turawan Ingila, Denham da Clapperton da Oudney, da suka iso Kukawa a Fabrairun 1823. Ya karɓe su da girmamawa, ya sa ido a kan inda suke zuwa, ya kuma ci moriyarsu: kafintan ayarin, Hillman, shi ya ƙera wa igwa biyu abin ɗorawa, aka yi aiki da su lokacin da aka fatattaki Bagirmi kusa da Ngala a Maris na 1824. Amma a wasiƙarsa ga Sarkin Ingila George na Huɗu, 'yan kasuwa ƙalilan masu kaya kaɗan kawai ya yarda su riƙa zuwa.

Sau ɗaya ne lissafinsa ya kuskure ƙwarai. Da ya samu sauƙi daga gabas, sai ya juya yamma a ƙarshen 1826 da babbar runduna, ya doshi Kano. Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi a farkon 1827, aka gwabza, Shehun ya ja da baya. Yaƙin nan ne ya sa Bello ya ƙwace wasiƙa da kyaututtukan da Clapperton ya ɗauko wa Kukawa a tafiyarsa ta biyu, Baturen kuma ya rasu a Sakkwato a Afrilun 1827. Mai girman kai da ya sake tara dakaru don wanke kunya. Al-Kanemi ya karɓi abin da fagen fama ya nuna masa: Haɗeja da Katagum suka tsaya a ɓangaren Sakkwato, Gumel da Damagaram a ɓangaren Borno, kuma bai sake kai babban hari kan daular ba, sai ƙananan rigingimun kan iyaka.

Ya rasu a Kukawa a 1837, shekarar da Muhammadu Bello ma ya rasu. Ɗansa Umar ya gaje shi. A 1846 Mai Ibrahim ya gayyato rundunar Wadai don ya dawo da ikon gidansa, sai Umar ya sa aka kashe shi, sarautar Saifawa kuma ta ƙare a cikin shekarar nan.